Makau, Wanda Ya Hana Jirgi Sauka

Kun gan shi. Kada wani ya ce bai taɓa ganinsa ba. Duk wanda ya bi hanyar Gummi zuwa Bukkuyum da sassafe cikin shekaru ashirin da shidan nan, ya ga wani dogon mutum yana tafiya shi kaɗai a kan wani fako mai tsawo, kansa a sunkuye, ba takalmi a ƙafarsa. Waɗansunku sun ɗauka wani abu ne ya ɓace masa. Waɗansu sun ce taɓin hankali ne. Masu boko, da ya kamata su tsaya su tambaya, su suka fi kowa saurin kau da kai, domin ba su saba ganin aiki a jikin mutumin da ba shi da tebur ba. Kun ci shinkafar fadama, kun sayar, kun yi buki da ita, amma ko sunansa ba ku riƙe ba. To, sunansa Makau. Shi ne mai gadin Fakon Geza, inda ƙaramin jirgin feshi yake sauka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Fakon Geza ba shi da kwalta. Ƙasa ce mai tauri, tsawonta taku dubu da ɗari biyu, faɗinta taku talatin. A gefe akwai ɗakin kwano ɗaya, inda ake ajiye gangunan man jirgi, da wani dogon ƙarfe da aka ɗaura wa tsumma don ya nuna inda iska ta nufa. Ba komai bayan wannan.

Kullum da gari ya yi haske, Makau yakan tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin, ya ɗauki sandarsa, ya shiga fakon. Yakan bi shi sau huɗu, zuwa biyu dawowa biyu, kowane a layi dabam, har ya tabbata ba inda ƙafarsa ba ta taɓa ba. Ya tsince dutse, ya ɗauke ƙashi, ya kwashe kashin shanu, ya fasa ɗan surin da gara ta fara ginawa. In ya ga sawun garke, ba ya faɗa da kowa. Zai bi sawun har ruga, ya gaisa, ya sha nono, sannan ya roƙi a riƙa zagayawa ta can ƙarshen fili. Wani ya taɓa tambayarsa me ya hana shi sa takalmi, ga ƙaya ga kunama. Ya ce ido yana ganin saman ƙasa ne kawai, abin da ke ƙarƙashi kuwa tafin ƙafa ke jin sa.

Jirgin nan ba kullum yake zuwa ba. Wata shekara sau biyu, wata sau ɗaya, wata ma ko ƙararsa ba a ji. Makau bai taɓa fasa tafiyarsa ba don wannan.

Wanda bai san lissafin ba zai ce wahalar banza ce, don haka ga lissafin. Jirgin yana tasowa ne daga Fakon Marke, can gaba da Anka, inda ma'ajiyar maganin feshi take. Daga Marke zuwa Geza kilomita tamanin da huɗu ne a sama, tafiyar rabin sa'a. Fakon Marke gajere ne, jirgi ba ya iya tashi daga kansa da cikakken magani da cikakken mai a lokaci guda. Saboda haka ana cika masa magani, a ba shi man da zai kawo shi Geza, ya kuma mayar da shi in an sami matsala, da ɗan abin da bai wuce na zagaye uku a sama ba. Sai ya sauka Geza zai sha mai, ya jira la'asar sakaliya, lokacin da tsuntsayen jan-baki ke komawa makwancinsu a bakin gulbi, ya tashi ya yi musu feshi. In babu Geza, jirgin ba zai iya kaiwa ga tsuntsayen fadamar Gummi ya koma ba. Tsakanin shinkafarku da jan-baki, abin da ke tsaye shi ne wannan fako da wannan mutum.

A daminar 1998 jan-baki ya zo da yawan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Shinkafa ta yi nono, tana shirin nuna. Mutane suka tare a fadama da majajjawa da igiyoyi masu gwangwani, suna ihu tun safe har murya ta dushe. Tsuntsun ya daina jin tsoro. A kore shi nan, ya sauka can. Aka yi ta aika saƙo, daga ƙarshe aka ce jirgi zai zo ran Talata da hantsi.

Cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai Dikko, taubashin Makau, ɗan kawunsa, mutum mai jiki da murya. Gonarsa ce ta fi kusa da gulbi, ita tsuntsu ke fara sauka a kai, ita yake bari a ƙarshe. Ran Litinin da yamma ya biyo ta fakon, ya iske Makau yana share bakin ɗaki.

"Makau, jirgin nan naka shina zakuwa kuwa, ko sai sun gama su bar muna ƙaiƙayi?"

"Shina zakuwa, in Allah ya so. Kai dai rage ci, ka ga ko jan-baki ya yi koyi da kai."

"Ji mini ɗan banza! Shekara goma sha shida kana sharar fili awa sabuwar amarya, gobe mu ga amfaninka."

Kafin asubar Talata aka yi ruwa mai ƙarfi. Gari ya waye fes, fakon ya sha ruwa ya tsane, ba ko taɓo. Makau ya yi layi na farko, ya yi na biyu. A na uku, wajen taku na ɗari bakwai, daidai tsakiya inda ƙafar jirgi ke gudu, ya ji ƙasa ta amsa masa wani iri, kamar ya taka bayan ƙwarya. Ya ja da baya, ya sake takawa. Ya buga sanda, ya ji sautin wofi. A ido wurin bai bambanta da ko'ina ba. Sai ya tuna shekarun baya ya taɓa rushe wani babban suri a nan. Garar ta tashi, gidanta na ƙarƙashi ya rage, yanzu ruwa ya sami hanya ya shiga ya cinye shi.

Rediyon da ake magana da jirgi ya lalace tun shekara biyu. Makau ya ruga cikin gari ya kira malamin gona da aka turo don aikin feshin. Kafin su iso, manoma sun cika gefen fili, sun kai ɗari biyu. Malamin ya dubi wurin, ya ɗan dangwala takalminsa a gefe.

"Baba, ƙasa ce ta jiƙe. Rana na fitowa za ta bushe."

"Ranka shi daɗe, ba jiƙewa ta ba. Rami na ƙarƙashi."

"Ina ramin? Ni ban ga rami ba."

Makau ya buɗe baki zai amsa, sai ya ji ƙarar jirgin daga gabas, siririya. Ya juya da gudu ya nufi ɗakin kwano.

A cikin ɗakin akwai fararen ƙyallaye biyu, kowane kamu goma. Dokar aikin ita ce, in an shimfiɗa su a gicciye a tsakiyar fili, matuƙi ya san an ce kada ya sauka. Tunda Makau ya kama aiki bai taɓa shimfiɗa su ba, wanke su kawai yake yi duk shekara ya ninke. Ya fito da su, ya baza, ya danne bakunansu da duwatsu.

Da farko mutane ba su gane ba. Da malamin gona ya ɗaga murya ya ce mutumin nan korar jirgi yake yi, sai fili ya rikice. Dikko ne ya fara isowa, ya cafki bakin ƙyalle ɗaya.

"Kai, wanga mutum ya haukace! Shinkafarmu na ƙarewa kai kana shanyar likkafani?"

Makau ya zauna a daidai inda ƙyallayen suka haɗu, ya miƙe ƙafafu, ya dafe da hannu biyu. Ba yawan mutanen yake dubawa ba. Idonsa na sama, yana ƙirga zagaye. Ya san in matuƙin ya ga ƙyalle yana motsi, zai ɗauka ana shirin kwashewa ne, ya tsaya jira. Jira kuwa mai yake ci, man da zai mayar da shi Marke.

"Dikko, sake shi. In ka ja ƙyallen ga, mutumin can sama zai aza gyara mukai, shi tsaya jiranmu. In yat tsaya, ba shi da man komawa."

"To shi sauka mana! Wa yac ce shi koma?"

"Ni."

Jirgin ya wuce ta kansu ƙasa ƙasa, ya karkata ya fara zagaye na farko. Wasu samari biyu suka nufi ɗaya bakin ƙyallen. Sai ga Inna Sahura, wata dattijuwa mai sayar da kunu da ta zo don cinikin taro, ta aje ƙwaryarta ta riga su, ta yi zaman dirshan a kai.

"Ni ban san jirgi ba," in ji ta. "Amma tunda nike ban taɓa ganin Makau zaune bisa aiki ba. In yaz zauna, da dalili. Wanda ka son ƙyallen ga shi ɗauke ni tare da shi."

Ba wanda ya taɓa ta. Jirgin ya yi zagaye na biyu. Ya ɗan kaɗa fikafikansa, ya miƙe gabas. Mutane suka bi shi da ido har ƙarar ta ɓace. Can bakin gulbi tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, baƙi ƙirin kamar hayaƙin ƙunar daji, suka sauka a kan shinkafa. Wani ya jefi Makau da hoge, ya same shi a kafaɗa. Ya ga wanda ya jefe shi. Har yau bai faɗi sunansa ba.

Ya tashi, ya ninke ƙyallayen yadda ya saba, sannan ya kira Dikko.

"Zaka ka taka nan."

Dikko ya zo yana huci. Don ya kunyata shi a gaban jama'a, bai taka kawai ba, tsalle ya yi ya dira da ƙafa biyu. Ƙasa ta buɗe, ya nutse har ƙugu. Sai da mutum uku suka kama shi kafin ya fito.

"Kai ke nan," in ji Makau, "da tuwon jiya kaɗai cikin cikinka. Shi jirgin da ganga huɗu ta magani yaz zaka."

Da aka buɗe wurin da fartanya, aka tarar da kogon da zai ci jaki biyu, da 'yan hanyoyi da suka bazu ta ko'ina. Ba wanda ya ba Makau haƙuri, shi ma bai nema ba. Tambayar da ta rage ita ce yadda za a cike ramin ya ɗauki nauyin jirgi. Malamin gona ya ce sai an kawo motar daddale ƙasa, zai rubuta takarda. Kowa ya san kafin takardar ta je ta dawo, an gama girbin abin da tsuntsu ya bari.

Inna Sahura ta leƙa ramin, ta ce, "Ɗaki nawa munka daɓe garin ga? Wanga ma ɗaki na, rufi kaɗai na babu."

Haka aka yi. Maza suka kawo marmara da tsakuwa a kan jakuna da amalanke. Mata kusan sittin suka fito da madaɓansu, waɗanda suke daɓe ɗakin amarya da su, aka jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar da ke sa daɓe tauri, a manyan tukwane. A zuba tsakuwa kaurin tafin hannu, a yayyafa ruwan makuba, mata su durƙusa a jere su yi ta bugu da waƙa har wurin ya yi ƙyalli, sannan a ƙara wani. Duk shimfiɗar da aka gama, Makau zai hau ya taka ta lungu lungu. Sau da yawa abin da yake cewa ɗaya ne: "A ƙara."

"Kai Makau," in ji Sahura, tana sharce gumi, "ko uwar mijina, Allah shi jiƙan ta, ba ta raina daɓena haka ba."

"Inna, ita bisa tabarma taka kwana. Wanga baƙo da gudu shika shigowa ɗaki."

Kwana biyu ana daɓe. Da aka gama, Makau ya ce sai wurin ya sha rana ta yini ɗaya cur. Dikko ya same shi gefe, ba wasa a fuskarsa a wannan karon, ya ce masa duk yinin da aka ƙara, wani yanki na gonarsa ne ke tafiya. Makau ya ce ya sani. Bai rage ko sa'a ɗaya ba.

Dikko ne da kansa ya hau babur don kai saƙo Marke cewa fili ya gyaru. Ya tashi da hantsi. Ruwa ya cinye hanya a gaba da Bukkuyum, sai da aka sa babur ɗin cikin kwalekwale. Bai isa ba sai bayan la'asar. Tafiyar da jirgi ke yi a rabin sa'a, ita ta ci masa yini. Washegari jirgin ya riga shi isowa gida.

Ƙafafun jirgin suka bi ta kan daɓen matan Geza, ko tsagewa bai yi ba. Matuƙin, Kyaftin Shitu, ya sauko ya taka har wurin, ya buga ƙafa sau biyu, sannan ya nemi mai ƙyalle.

"Baba, da na sauka ran nan, da ni da maganin da mutanen da ke gefe, Allah kaɗai ya san abin da za a kwashe. Da kuma ƙyallen nan ya motsa na tsaya jira, da a dajin Bukkuyum za a tsince ni. Da na isa Marke allurar mai ta kwanta."

Makau ya ce, "Sannu da zuwa, ranka shi daɗe. Iska yau daga kudu take."

Aka yi feshi yamma uku a jere. Yawancin fadama ta tsira. Gonakin bakin gulbi ba su tsira ba, har da ta Dikko, wanda a shekarar nan bai ɗaure abin da zai kai shi rani ba. Har gobe yana kiran Makau sarkin jan-baki, kuma har gobe in ya biyo ta fakon sai ya tsaya ya tsince dutse. Rahoton da aka aika sama ya ce an jinkirta aikin kwana huɗu saboda yanayi. Ba sunan kowa a ciki.

Makau na Geza, mai kunne a tafin ƙafa. Kai ne ka zauna a ƙasa gaban mutum ɗari biyu da suke ganin kana kashe musu abinci, ka ƙi tashi. Kai ne ka dubi ɗan kawunka ido da ido, ka san abin da yini ɗaya zai ci masa, ka ce a jira. Kai ne ka yi shekara da shekaru kana gyara wa baƙon da ba ka san ranar zuwansa ba, ba mai dubawa, ba mai tambaya. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar hutawa.

Ba wanda ya ce Makau ya ajiye aiki. Shi ya kai kansa. A daminar bara ya dawo daga tafiyar safe, ya zauna, sai ya ga jini a kan tabarma. Ƙaya ce ta shige masa tafin ƙafa, ya yi layi huɗu da ita bai ji ba. A asibiti aka ce ciwon sukari ne, kuma jin ba zai dawo ba. Washegari ya je ofis ya ce a sa wani. Jami'in da ya tarar ya ce ya ci gaba da abinsa mana, wa zai sani? Makau ya ce, "Ni na sani."

Shekara guda ke nan yana jira, ba a sa kowa ba. Jan-baki ya yi shekara huɗu bai zo da yawa ba, saboda haka kowa ya miƙe ƙafa. A ƙarshen fakon ta yamma, mutum uku sun tura kunyoyin wake cikin fili, kowa yana cewa taku goma ne kawai ya ci. Ta gabas, masu neman zinariya sun haƙa ramuka biyu don gwaji, ba su sami komai ba, suka tafi suka bar su a buɗe. Motocin yashi sun mai da tsakiyar fili hanya. Makon jiya Makau ya sake auna abin da ya rage da sandarsa: taku ɗari tara da arba'in. Jirgi mai ɗauke da kaya ba ya tashi a ƙasa da dubu. In tsuntsu ya zo bana, jirgin zai zauna a Marke, ku kuna nan da gwangwani da igiya, kuma ba za a sami wanda za a jefa da hoge ba sai junanku.

Makau bai roƙi kowa komai ba. Da aka tambaye shi abin da yake so a yi masa na sallama, cewa ya yi a ba shi mutum biyu masu lafiyar ƙafa, ya yi damina ɗaya yana bin su a baya da sanda, yana gaya musu abin da suke ji. Abin da ya nema ke nan, kuma har yau ba a sami ko ɗaya ba a garin da ke da manoman shinkafa dubbai.

Ran Asabar ta farko bayan ƙaramar Salla, da fitowar rana, za a taru a Fakon Geza. Ku zo da fartanya da kwando, a cike ramukan nan biyu. Masu wake a cikin fili, kun san kanku, ku cire shi da hannunku kafin ranar. Ku masu karatu, ku rubuta takardar neman a naɗa magajinsa, kada ku aika, ku kai ta ƙaramar hukuma da ƙafarku, ku zauna har a amsa. Kuma kada a watse daga wurin sai an tsayar da mutum biyun nan a gaban Makau, da sunansu da na unguwarsu. Wanda ba zai zo ba, ya je tun yau ya gaya wa maƙwabcin gonarsa dalili, da bakinsa.